Teku ba tabki ba ne

Kowace shekara, in an gama girbin hatsi an zuba a rumbu, samarin Takanamat da na sauran garuruwan Adar suna ɗaukar hanya. Wasu su tsaya Tawa ko Ƙonni. Wasu su zarce har Kwatano, Lome, Akara ko Abijan. Tafiya ce ta fiye da kilometir 1,000. Waɗannan birane duka suna bakin teku. Ranar Lahadi da ranar salla, in an huta da aiki, ƴan biɗa sukan bi mutanen gari zuwa bakin ruwa shan iska. Abin kallo yana da yawa a wurin. Hatsari kuma yana nan.

Ruwan da ba ya kwanciya

Wanda ya san tabkin Tabalak yakan zaci teku babban tabki ne. Ba haka ba ne. Ruwan teku na gishiri ne: kowane litir yana ɗauke da wajen giram 35. Mutum ba ya sha, ba a shayar da bisashe da shi. Sau biyu a kwana ɗaya yakan cika ya hau tudu, kuma ya janye.

A wannan gaɓa igiyar ruwa tana da ƙarfi ƙwarai. In ta bugi rairayi ta koma, sai ta kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa. Akwai wuraren da ruwa yake gudu zuwa ciki kamar ƙorama. Nan ne baƙi suke halaka, har da waɗanda suka iya iyo a tabki. In ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi. Ya bi gefe, ya ɗaga hannu, ya yi kira. Wanda bai iya iyo ba, ya tsaya a kan busasshen rairayi.

Kunkurun teku

A garin Giran-Popo na ƙasar Benin, kusa da iyakar Togo, kunkurun teku yana fitowa tudu daga ƙarshen damina zuwa lokacin ɗari. Wato daidai lokacin da ƴan biɗa suke isa. Mace ce take fitowa, da dare. Ta haƙa rami, ta saka ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa. Bayan kamar wata 2 ƴaƴan su ƙyanƙyashe, su ruga teku. Kaɗan ne suke rayuwa. Babban irinsu yakan kai kilo 400, nauyin bijimin Azawak.

Cin namansu da kwasar ƙwansu sun rage su sosai. Shi ya sa a shekarar 1999, a Abijan, aka ƙulla yarjejeniyar kare su tsakanin ƙasashen Afirka na wannan gaɓa. A Giran-Popo akwai masu gadi da suke tsaron ƙwan har su ƙyanƙyashe, baƙi masu yawon buɗe ido kuma suna zuwa kallo. Makiyayi ya san dalili: wanda ya yanka saniya mai ciki ya kashe garke. Saboda haka baƙo ya guji sayen ƙwai, nama ko ƙoƙon bayan kunkurun. Kada ya haska mata tocila, don haske yana korar ta ba ta yi ƙwai ba.

Balen, mai shayar da ɗanta

Daga watan Agusta zuwa Nuwamba wata babbar dabba da ake ce ma balen tana zuwa wannan teku daga kudu mai sanyi, don ta haihu a ruwa mai ɗumi. Tsawonta yakan kai metir 14, nauyinta tan 30. Siffarta ta kifi ce, amma ba kifi ba ce. Iska take shaƙa, shi ya sa ake hangen feshinta a sama da ruwa. Ɗanta kuma nono yake sha kamar ɗan maraƙi.

Ganin waɗannan halittu abin ba da labari ne a dandali. Amma iyali sun tura mutum neman kuɗin hatsi da tufafi ne, kuma gona tana jiran sa kafin ruwan shuka. Ya yi kallo daga tudu, ya tambayi masunta inda ruwa yake ja, ya komo gida lafiya.