GIRGIZAR ƘASA: Daren Da Muka Kwana A Tsakar Gida

Na san duk wadda ta yi wayo ba za ta manta da shekarar 2024 ba, shekarar da buhun shinkafa ya haura naira 70,000, kuɗin mota daga Kano zuwa Gwarzo ya zama sai an yi shawara, tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. A farkon Agusta aka yi zanga-zangar yunwa har aka sa dokar hana fita a Kano. Ba a gama farfaɗowa ba, a ranar 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Kwanaki kaɗan bayan haka kuma sai ga labari wai ƙasa tana motsi a Mpape, cikin Abuja.

A daidai wannan lokaci na je gidan Goggona a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, domin shirin bikin ƙanwata, 'yar Goggon. Bayan sallar isha'i muna zaune ana tsintar shinkafa, sai ga saƙon murya a WhatsApp, wani mutum yana rantsuwa wai masana sun ce girgizar Abuja ta taso, kuma cikin daren nan za ta iso Kano. Wallahi kafin a ce kwabo gida ya hautsine. Amarya ta fashe da kuka, ita tunaninta gado da kwanukan da aka shekara biyu ana adashi kafin a haɗa. 'Yan matan gida suka jawo tabarmi waje, suka shimfiɗa a gindin tsohuwar katangar ƙasa, wai nan ne iska ba ta bugowa.

Goggo ta fito da fitila ta dube su, ta ce, "Ku tashi daga nan! Girgizar da kuke tsoro ban taɓa ganinta ba, amma katangar da ta sha ruwan Agusta na ga abin da take yi." Da ƙunƙuni dai aka matsa tsakiyar gida. Muka kwana sauro yana biki, ƙasa ko gezau. Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da asuba sai ji muka yi rim! Katangar nan ta zube, daidai inda aka fara shimfiɗa tabarmin.

MENE NE GIRGIZAR ƘASA?

'Yar uwa, kin taɓa ganin ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke? To haka ɓawon duniya yake. Faifai-faifai ne manya na dutse da ke haɗe da juna, kuma kullum suna tafiya sannu a hankali, santimita kaɗan a shekara, kusan yadda kike ganin lallen farcenki yana matsawa gaba. A bakin ɗinkin nan, inda faifai biyu suke gogayya, dutse yakan cije na shekaru masu yawa, ranar da ya suɓuce sai ƙasa ta kaɗa. Shi ya sa wasu ƙasashe kamar Jafan da Turkiyya da Iran suke fama, domin a bakin ɗinki suke zaune. A ranar 6 ga Fabrairu, 2023, girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta kashe mutum fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya. A ranar 8 ga Satumba na shekarar, wata ta auku kusa da Marakish a Maroko, mutum kusan 3,000 suka rasu.

Mu kuwa Nijeriya a tsakiyar faifan Afirka muke, nesa da ɗinki, kuma ƙasarmu ta yammacin Kano a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda kike gani ya leƙo a gonaki. Wannan ba ya nufin ƙasa ba ta taɓa motsi ba. An ji motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape a 2018, aka sake ji a 2024, amma duk ƙanana ne, tsoron da suka jefa ya fi ɓarnarsu. A Afirka ta Yamma an yi masu kisa a Akara ta Gana a 1939, da ƙasar Gini a Disambar 1983.

Abu guda da nake so ki riƙe shi ne, har yau babu masanin da zai iya faɗin rana da sa'ar girgizar ƙasa. Kuma ba mota ba ce da za ta taso daga Abuja ta kwana a Zariya ta iso Kano. Duk wanda ya aiko miki da saƙo ya sa rana, ƙarya yake yi, kada ki tura wa kowa.

ABIN DA KE ƘOFAR GIDANMU

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin namu shi ne ruwa. Ki tambayi Iya ko Baba labarin Agustan 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta fashe, har yau ba su manta ba. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, maƙwabciyarmu Jigawa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Yankinmu kuwa yankin madatsu ne, ga Guzu-Guzu a Kabo, ga Challawa a Ƙaraye. Albarka ce babba ga masu noman rani da masunta, amma duk wanda yake zaune a ƙasan ruwa dole kunnensa ya kasance a rediyo idan damina ta yi nisa.

Sannan ga na kullum, waɗanda ba a cika jin su a labarai ba: ɗakin ƙasa da ya jiƙe ya rufta wa uwa da 'ya'yanta, iskar farkon damina da ke yaye kwano, kududdufin da ke cin yara masu wanka, zaizayar da ke cin gona da hanya, sai kuma amai da gudawa da ke biyo bayan ruwa idan masai ya haɗu da rijiya.

INA NAMU AIKIN?

Kada ki ce ke yarinya ce, ai ke ce mai shara, ke ce mai lura da ƙanne. Idan kin ga tsaga a bango, ko gindin katanga ya yi laushi, ko azara tana zubo da ƙasa, ki faɗa wa manya, kada a kwana a ɗakin. Kafin ruwan farko ki tuna wa Baba yaɓe da gyaran indararo. Kada ki zuba leda a kwata. Takardun makarantarki da na haihuwa ki ƙulle su a leda ki rataye sama. Kada ki bari a keta ruwa mai gudu, ko da iya gwiwa ne. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha, idan gudawa ta kama yaro a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti. Idan kuma ƙaddara ta sa kika taɓa jin ƙasa na rawa, ki durƙusa ki kare kanki, ki nisanci bango da kabad ɗin kwanuka.

Amaryarmu dai an kai ta ɗakinta lafiya, ko faranti ɗaya bai fashe ba. Kuɗin da aka so a ƙara mata labule da shi, Goggo ta sa aka sayi siminti aka ta da katanga. Allah Ya tsare mu da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.