Ko Na'urar Wasan Bidiyo Za Ta Iya Farfaɗowa Ba Da Baƙin Kamfanoni Ba?

A ran 18 ga watan Nuwamba na 2012 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata sabuwar na'urar wasan bidiyo a Amurka, wadda ya sa wa suna Wii U. Kamfanin ya fito da ita ne da ƙarfin gwiwa, domin wadda ta gabace ta, watau Wii, an sayar da fiye da miliyan 100 nata a duniya. Amma ko da aka daina ƙera Wii U a watan Janairu na 2017, abin da aka sayar bai wuce miliyan 13 da rabi da 'yan kai ba. Tun daga lokacin masana harkar suke ta gardama a kan abin da ya kashe ta, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗora laifin a kan gudun da baƙin kamfanoni suka yi mata.

SU WANE NE BAƘIN KAMFANONI?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda wannan ciniki yake tafiya. Akwai kamfanonin da suke ƙera ita na'urar da ake jonawa da talabijin, kamar su Nintendo da Sony da Microsoft. Waɗannan sukan shirya wasanni nasu na gida. Sa'an nan akwai waɗansu kamfanoni da ba su ƙera na'ura, sai dai su shirya wasa su sayar wa masu na'urar wani, kamar su Electronic Arts na Amurka, da Ubisoft na Faransa. Su ne muke kira baƙin kamfanoni a nan.

Mai na'ura kamar mai kasuwa yake, baƙin kamfanoni kuwa su ne 'yan kasuwar da suke kama rumfa. Duk wasan da suka sayar, mai na'ura yana da nasa kaso. Saboda haka sau da yawa akan sayar da na'urar da ƙaramar riba, ko ma da hasara, da fatan a mai da kuɗin daga cinikin wasanni. Wii U kanta da hasara aka fara sayar da ita. To, wahalar ita ce, ɗan kasuwa ba ya kama rumfa a inda babu masu saye, mai saye kuma ba ya zuwa kasuwar da rumfunanta suke wayam.

YADDA AKA WATSE WA WII U

A shekarar 2011, a babban bajekolin wasanni da ake kira E3, shugaban Electronic Arts na lokacin, John Riccitiello, ya hau dandamalin Nintendo ya yi alkawarin haɗa kai sosai a kan sabuwar na'urar. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Mayu na 2013, kamfanin ya sanar cewa ba shi da wani wasa da yake shirya mata. Ma'anar wannan ita ce, wasan ƙwallon ƙafa na FIFA, wanda samarinmu suke yin layi dominsa a shagunan wasa na Kano da Kaduna, sau ɗaya tak ya fito a kan Wii U.

Ubisoft ma ya bi sahu. Wasansa mai suna Rayman Legends da farko don Wii U kaɗai aka shirya shi, amma a watan Fabrairu na 2013 sai aka ɗaga fitowarsa, aka ce za a kai shi na'urorin Sony da Microsoft su ma. Shugaban kamfanin, Yves Guillemot, ya bayyana daga baya cewa ZombiU, wasan da suka yi wa na'urar tun ranar fitowarta, bai kawo riba ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Da farko, sunan ya ruɗa jama'a, har waɗansu suka ɗauka wani ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii. Na biyu, da PlayStation 4 da Xbox One suka fito a watan Nuwamba na 2013, sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ƙirar cikinsu kusan iri ɗaya ce, ta Wii U kuwa dabam take. Duk wanda yake son kai wasansa can sai ya sake kashe kuɗi mai yawa, alhali masu sayen kaɗan ne. A tsakanin Afrilu da Yuni na 2013, guda 160,000 kurum aka sayar a duk duniya. A watan Janairu na 2014 kamfanin ya rage hasashen cinikinsa na shekara daga miliyan 9 zuwa miliyan 2.8, shugabansa Satoru Iwata kuma ya rage rabin albashinsa na wata biyar.

Nintendo ya yi ƙoƙarin ceton ta da wasanninsa na gida. Mario Kart 8, wanda ya fito a 2014, an sayar da fiye da miliyan 8 nasa, watau fiye da rabin masu na'urar sun saye shi. Duk da haka bai ja sababbin masu saye da yawa ba, domin tsakanin babban wasa da mai bi masa akan yi watanni ana jira. Kamfani guda ba zai iya cika kowace rumfa shi kaɗai ba.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Ba a kan Wii U aka fara ba. A shekarar 1997 kamfanin Square ya fitar da Final Fantasy VII a kan PlayStation na Sony, bayan ya bar Nintendo, domin faifan CD ya fi harsashin wasa na Nintendo 64 ɗaukar kaya da kuma araha. Daga ƙarshe PlayStation ya wuce miliyan 100, Nintendo 64 kuwa ya tsaya a wajen miliyan 33. Haka nan Dreamcast na kamfanin Sega, wanda Electronic Arts ya ƙi yi wa wasa ko ɗaya, an daina ƙera shi a 2001, Sega kuma ya bar ƙirar na'ura baki ɗaya, ya koma shi ma yana kama rumfa a kasuwar waɗansu.

Sai dai akwai misalan da suka nuna wani abu dabam. Nintendo 3DS ta fara da rauni a 2011. A watan Agusta na shekarar aka rage kuɗinta a Amurka daga wajen dala 250 zuwa 170, sa'an nan Super Mario 3D Land da Mario Kart 7 suka biyo baya kafin ƙarshen shekara. Ta farfaɗo, har aka sayar da fiye da miliyan 75. Wannan ceto daga gida ya zo.

Mafi girman misali shi ne Switch, wadda ta gaji Wii U a ran 3 ga Maris na 2017. Baƙin kamfanoni sun ja da baya da farko suna kallo. Nintendo ya jera wasanninsa bi da bi: sabon Zelda a ranar fitowa, Mario Kart 8 Deluxe a Afrilu, Super Mario Odyssey a Oktoba. Cikin wata goma ta wuce duk abin da Wii U ta yi a rayuwarta. Kafin shekarar ta ƙare FIFA ya dawo, kamfanin Bethesda ya kawo Skyrim da Doom, waɗansu kuma suka yi ta tururuwa a shekarun da suka biyo. An sayar da Switch fiye da miliyan 150.

INA GASKIYAR TAKE?

Idan aka duba waɗannan misalai, za a ga cewa baƙin kamfanoni ba su cika ceton na'urar da take tangal-tangal ba. Su masu lissafin riba ne, inda jama'a suka taru nan suke bi. Gudun da suka yi wa Wii U alama ce ta ciwon da ya riga ya kama ta, ko da yake ya ƙara tsananta shi ƙwarai. Aikin tara jama'a na farko yana wuyan mai na'ura: ya sa farashin da mutane za su iya biya, ya bayyana musu abin da yake sayarwa, ya tanadi wasannin gida da za su riƙa fitowa a kai a kai, kuma ya yi ƙirar da ba za ta wahalar da baƙi ba.

Amma kuma babu na'urar da ta kai miliyan 100 da wasannin gida kaɗai. Masu son ƙwallon ƙafa da masu son wasan yaƙi da sauran iri-iri, baƙin kamfanoni ne suke biya musu bukata, kuma kason da suke biya shi ne yake cika asusun mai na'ura. Nintendo ya jure faɗuwar Wii U domin yana da ajiya mai yawa da kuma sunaye irin su Mario da Zelda. Sega yana da Sonic, amma aljihunsa ya riga ya ƙone. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai dai mai ɗaki shi ne zai fara kamawa kafin maƙwabta su sa hannu.