Toyota A Kudancin Kaduna: Tarihin Kamfanin Da Martabar Motocinsa A Idon 'Yan Kasuwa

KAFANCHAN — Duk wanda ya tsaya a tashar motar Kafanchan da sanyin safiya, lokacin da 'yan kamasho ke kiran fasinjojin Kaduna da Jos da Abuja, ba zai daɗe ba sai ya ga tambarin kamfanin Toyota na ƙasar Japan, ko dai a goshin bas ɗin Hayis da ke lodi, ko a jikin Sienna mai zuwa nesa, ko kuwa a bayan akori-kurar Hilux da ta fito daga ƙauye da buhunan citta. Abin ya zama jiki, har ba a cika tambayar yadda aka yi motar da ake ƙerawa a wata uwa duniya ta samu wannan matsayi ba, a jihar da ta yi shekaru tana tinƙaho da masana'antar harhaɗa motocin Fijo.

Tambayar kuwa tana da muhimmanci ga ɗan kasuwa, musamman a wannan zamani da kuɗin mota guda ke iya lashe jarin mutum baki ɗaya. Wanda zai zuba miliyoyin Naira a kan sunan kamfani, ya kamata ya san inda sunan ya samo asali, da kuma iyakar inda za a iya dogara da shi.

Daga masaƙa zuwa mota

Asalin Toyota ba a gareji yake ba, a ɗakin saƙa yake. Sakichi Toyoda, ɗan wani kafinta, ya shafe rayuwarsa yana ƙera injinan saƙa, har a 1924 ya kammala wani inji da ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi izinin ƙera injin a kan yarjejeniyar Fam 100,000. Ɗansa, Kiichiro Toyoda, shi ne ya buɗe sashen ƙera motoci a cikin kamfanin saƙar a 1933, motar fasinja ta farko ta shiga kasuwa a 1936, sannan aka kafa kamfanin motoci mai cin gashin kansa a watan Agusta na 1937.

Farkon tafiyar bai zo da sauƙi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bashi ya yi wa kamfanin katutu, ma'aikata suka shiga yajin aiki a 1950, aka sallami da dama daga cikinsu, shi kansa Kiichiro ya ajiye muƙaminsa. Abin da ya ceto kamfanin shi ne odar manyan motoci da sojojin Amurka suka ba shi sa'ad da yaƙin Koriya ya ɓarke a wannan shekarar.

Rashin kuɗin nan ne ya haifi tsarin aikin da daga baya ya zama gagara-badau. Da yake kamfanin ba shi da halin jibge kaya a sito kamar takwarorinsa na Amurka, wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya jagoranci tsara aiki ta yadda ba a ƙera wani sashe na mota sai lokacin da ake buƙatarsa, kuma daidai adadin da ake buƙata. Haka nan aka ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya, wanda ke iya kai ga tsayar da layin aiki, idan ya ga kuskure, a gyara shi nan take kafin ya wuce gaba. Wannan dai ita ce dabarar injin saƙar Sakichi, aka ɗauko ta aka kai masana'antar mota.

A kan wannan tushe aka gina motocin da suka fito da sunan kamfanin: Land Cruiser, wadda aka fara ƙerawa a 1951 aka raɗa mata suna a 1954, Corolla a 1966, wadda ya zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, Hiace a 1967, da kuma Hilux a 1968. A 2008 Toyota ya sha gaban General Motors na Amurka a yawan cinikin motoci a duniya, kuma a 2023 rukunin kamfanin ya sayar da motoci kimanin miliyan 11.2.

Garin jirgin ƙasa a jihar Fijo

Kafanchan ba da mota ta tashi ba. Garin ya bunƙasa ne tun daga 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da kuma reshen da ya hau Jos. Ma'aikatan reluwe da fatake daga sassa daban-daban na ƙasar nan suka zauna, kasuwa ta kafu, amfanin gona ya samu hanyar fita zuwa bakin teku. Da harkar jirgin ƙasa ta shiga ja da baya, musamman daga shekarun 1980, sai nauyin jigilar mutane da kaya ya koma kan titi: hanyar Zonkwa da Kachia zuwa Kaduna, ta Kagoro da Manchok zuwa Jos, ta Kwoi zuwa Keffi da Abuja, da ta Gidan Waya zuwa Akwanga.

A wancan lokacin Fijo ce sarauniyar hanya. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, gwamnatoci suna sayen motocinta don jami'ansu, ma'aikaci na karɓar rancen mota ya sayi 504 sabuwa fil, direbobin haya kuma suka riƙi wagon ɗinta hannu biyu-biyu. Motocin Toyota sun riga sun shigo ƙasar nan tun cikin shekarun 1960, kamfanin R.T. Briscoe na cikin dillalansu na farko, daga baya Elizade ya biyo, amma a Arewa suna bayan Fijo ne.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 shi ya sauya lissafin. Da darajar Naira ta faɗi, kayan da masana'antun harhaɗa motoci ke shigowa da su daga Turai suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Sai kasuwar motocin gwanjo ta buɗe, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. A wannan kasuwa mai saye ba ya tambayar sabunta, abin da yake tambaya shi ne wace mota ce za ta ci gaba da aiki bayan wani ya more ta shekara goma. A nan ne motocin Japan suka samu shiga. An kafa kamfanin Toyota (Nigeria) Limited a 1996, aka sayar da hannun jarin gwamnati a masana'antar Kakuri ga 'yan kasuwa a 2006, sannu a hankali ofisoshin gwamnati da jami'an tsaro da ƙungiyoyin agaji suka koma ga Hilux da Prado da Corolla.

Abin da ya riƙe martabar

Direba da bakanike ba su auna mota da abin da aka rubuta a takardar talla. Abubuwa uku suke dubawa. Na farko juriya: yankin Kudancin Kaduna na samun ruwan sama mai yawa, hanyoyin da ke shiga gonakin citta a ƙasashen Jaba da Kachia da Kagarko kan zama taɓo da damina, don haka motar da cikinta ke da tsawo daga ƙasa, safirin ɗinta ke ɗaukar lodi, ita ke kai kaya kasuwa. Na biyu samuwar kayan gyara: daga Ladipo a Legas zuwa Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, da wuya a nemi kayan Hayis ko Corolla a rasa, kuma bakaniken bakin hanya ya san cikin injinta. Na uku daraja a kasuwa: motar da ake iya sayarwa cikin gaggawa ba tare da karyar da ita ba, tamkar ajiya ce ga mai ita, musamman a lokacin da kuɗi ke zubewa a hannu.

Waɗannan abubuwa suna ciyar da juna. Yawan motar a kan hanya shi ke sa 'yan kasuwa shigo da kayanta, samuwar kayan ke sa sabbin masu saye su zaɓe ta. Ke nan rabin martabar daga Japan ta zo, sauran rabin kuwa makanikai da masu sayar da kayan gyara na ƙasar nan ne suka gina ta. Ba kuma Toyota kaɗai ke cin kasuwar ba: Golf da Sharan na Jamus suna da nasu rabo a cikin motocin haya, haka nan Kanta ta kamfanin Mitsubishi wajen dakon kaya.

Suna ba ya hana kuskure

Kamfanin bai tsira daga abin kunya ba. A 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci daga hannun masu su saboda ƙorafin cewa totur na maƙalewa, shugabansa Akio Toyoda ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairun 2010 ya ba da haƙuri, kuma a 2014 kamfanin ya amince ya biya gwamnatin Amurka Dala biliyan 1.2 bayan ya amsa cewa ya ɓoye wa jama'a gaskiyar matsalar. A ƙarshen 2023 reshensa na Daihatsu ya dakatar da fitar da motoci bayan an gano maguɗi a gwaje-gwajen lafiyarsu, sannan a watan Yunin 2024 shi kansa Toyota ya amsa cewa an saɓa ƙa'ida wajen gwajin wasu nau'o'in motocinsa.

Darasin da ke nan ga mai saye a Kafanchan ya fi na mai saye a Turai nauyi. Idan aka janye mota a Amurka, wasiƙa ake aika wa mai ita ya kai ta a gyara kyauta. Motar da ta ƙetaro teku ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso Kaduna ba mai aiko mata wasiƙa. Daɗin daɗawa, cikin motocin gwanjo akwai waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, aka yi musu kwaskwarima. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke jikin mota tana ba da damar bincika tarihinta ta intanet, kuma ɗan abin da za a kashe wajen binciken bai kai kuɗin canjin inji ba. Haka batun jabun kaya: tambarin da ke jikin kwali ba ya tabbatar da abin da ke ciki, kuma jabun birki ko matatar mai kan mayar da araha ta zama asara.

Lissafin yau

Shekarun baya-bayan nan sun tsananta wa masu sufuri. Daga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, abin da ya ɗaga kuɗin mota da na kwastan da na kayan gyara lokaci guda. A daminar wannan shekarar ce kuma cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, manoma suka tafka asara. Da yake kuɗin citta ne ke juya kasuwannin yankin, asarar ba ta tsaya a gona ba, ta taɓa mai dakon kaya da bakanike da dillalin mota.

Akwai kuma tambayar da masu tsara manufofin masana'antu ba za su kauce mata ba. Toyota na ƙera motoci a Durban ta Afirka ta Kudu shekaru da dama, kuma a 2021 kamfanin Toyota Tsusho ya buɗe wurin harhaɗa Hilux a Tema ta ƙasar Gana. Nijeriya kuwa, duk da girman kasuwarta, akasarin motocin da ke hawa titunanta gwanjo ne. A Kaduna an sake yunƙuri a 2022, lokacin da kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara harhaɗa motoci, amma muddin tsohuwar mota ta fi sabuwa sauƙin samu, kuma babu rance mai rangwame ga mai saye, masana'antar cikin gida za ta ci gaba da fafutuka.

Ga ɗan kasuwar da ke shirin sayen motar haya ko ta dakon kaya kafin kakar citta mai zuwa, tarihin Toyota na nuna cewa sunan ya samu ne ta hanyar tsayar da aiki a duba kuskure tun bai yi nisa ba. Shi ma abin da ya rage masa ke nan: ya je da bakaniken da ya amince da shi, ya duba lambar shasi da takardun kwastan, ya lissafa kuɗin mai da na gyara na shekara guda, kafin ya ƙirga kuɗinsa ya miƙa wa dillali.