Rabon Aikin Mai Masauki a Wasannin Kwaikwayo na Zaman Hira

Akwai wani nau'in wasa da ya yaɗu a Turai da Amurka tun daga shekarun 1980, wanda abokai kan taru a gida ɗaya su yi, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum dabam ya kwaikwaya. Fitacce daga ciki shi ne Mafia, wanda Dimitry Davidoff ya ƙago wajen 1986 a sashen nazarin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Mosko. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne iyakar nauyin da mai masauki zai iya sauke wa 'yan wasa.

Nauyin nan iri biyu ne, ko da yake akan cuɗanya su. Akwai hidima, wato gayyata da abinci da shirya wurin zama. Wannan ba ta da wuyar rabo, kowa na iya ɗaukar kasonsa. Wanda ya fi wuya shi ne riƙon asiri.

A wasan Mafia akan raba kati a ɓoye, kaɗan su zama makasa, sauran kuwa mutanen gari. Sai mai gudanarwa ya ce dare ya yi, kowa ya rufe ido. Makasa su buɗe nasu, su nuna wanda za su kashe ba tare da magana ba. Da gari ya waye sai a yi muhawara, a jefa ƙuri'a a fitar da wanda ake zargi. To, shi mai gudanarwa idonsa biyu duk daren, ya san kowa, don haka ba shi da damar shiga muhawarar. Ke nan wanda ya sha wahalar tara jama'a shi ne ya zama ɗan kallo a gidansa. Mai karatu zai iya tuna kalankuwa, inda samari kan naɗa sarki da alƙali daga cikinsu. Amma a can muƙami ba ya fitar da kowa daga wasa, domin babu wani asiri da aka damƙa wa mai riƙe da shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce karɓa-karɓa, wato kowane zagaye da mai gudanar da shi. Wasu kuma kan miƙa aikin ga wanda aka fara fitarwa, tun da dama zaune yake. A ganinmu wannan tana da rauni, domin mutumin da ya kasance cikin wani ɓangare ɗazu da wuya fuskarsa ta ɓoye inda zuciyarsa take.

Masu ƙirar wasanni sun bi wata hanyar, suka cire asirin daga hannun mutum ɗungurungum. A jerin wasannin How to Host a Murder na kamfanin Decipher, asirin yana cikin 'yan littattafan da ake raba wa 'yan wasa takwas, mai gida ma bai san mai kisan ba. A One Night Ultimate Werewolf na 2014 kuwa, manhajar waya ce ke kiran dare. Sai dai waya ba ta gane cewa muhawara ta yi sanyi a taƙaita ta, ko wani baƙo ya yi shiru a jawo shi cikin magana. Wannan aikin dole wani daga cikin mazauna ya ɗauka, kuma ba sai ya san asiri ba kafin ya yi shi.