Jaririya mai kumburin ƙafa da gajiya wajen shan nono: a duba zuciyarta

Mu da muka tashi a kara mun sani, in ɗan maraƙi ya kama nono ya saki, ya tsaya yana haki, to akwai matsala. Amma in jariri ne a gida, sai ka ji an ce ragwanci ne, ko iska ce ta shafe shi.

Akwai wata lalura da likitoci ke kira ciwon Turner, sunan wani likitan Amurka, Henry Turner, da ya bayyana ta a 1938. Mata kaɗai take samu, kusan ɗaya cikin 2,500. A ƙwayoyin halittar mace akwai kuromosom X guda biyu, ita kuwa mai lalurar ɗaya ne cikakke, ɗayan babu shi ko ya gutsure. Ba wani abu uwa ta ci ko ta yi ba, kuma ba auren zumunci ke kawo ta ba, don haka a daina ɗora wa mai jego laifi.

Yawanci sai yarinya ta girma ake lura, saboda gajarta da jinkirin balaga. Amma tun haihuwa akan ga kumburi a bayan hannu da ƙafa, da fata mai ninki a bayan wuya.

Babban haɗarin yana zuciya. Wasunsu ana haifarsu babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ta tsuke a wuri guda, kamar an taka tiyon ruwa. A cikin ciki akwai wata 'yar hanya da jini ke bi ya zagaye matsatsin. Bayan haihuwa sai ta rufe da kanta cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa za a sallamo jaririya lafiya lau, sai wajen suna ko bayansa kaɗan ta rikice: numfashi sama-sama, gumi a goshi in tana shan nono, jiki ya yi fari fat, ƙafafu sanyi ƙalau, fitsari ya ragu.

A nan ne ake kuskure. Gida cike da baƙi, ga wanzami ya zo aski, sai a ce bari a cire mata beli ko a yi hayaƙi. Wallahi ɓata lokaci ne, a wuce asibiti ko da tsakar dare ne.

Ku roƙi likita ya taɓa bugun jini a matsematsinta, ya auna iskar jini a hannun dama da ƙafa, sannan a yi hoton zuciya da ake ce wa eko. Gwajin jini ne ke tabbatar da Turner. 'Yan Legas ga LUTH nan a Idi-Araba, 'yan Sabon Ibadan kuma ga UCH.

Ana gyara matsatsin da tiyata, akwai ma maganin da ke riƙe 'yar hanyar a buɗe kafin a yi aikin. Ko an gyara, za a ci gaba da auna mata hawan jini da duba zuciyar har girmanta.