Africatown: unguwar da 'yantattun bayi suka saya da guminsu, jikoki na fafutukar tada ita

A arewacin birnin Mobil na jihar Alabama, can kudancin Amurka, tafiyar kilomita biyar daga tsakiyar gari, akwai wata 'yar unguwa da ake kira Africatown, wato Garin Afirka. Mazauna cikinta a yau ba su wuce mutum 2,000 ba. Wanda ya shiga zai ga ƙananan gidaje, wasu sun sha sabon fenti, wasu rufinsu ya rufta, ga kangaye da ciyawa ta cinye. Masana'antu sun kewaye ta: nan ana yanka katako, can ana sarrafa sinadarai, gaba kaɗan ga manyan tankunan mai a bakin kogi. Wani ƙaton titi ya tsaga ta biyu, tireloli na kai da kawowa dare da rana. Mai son cefanen kirki sai ya fita wajen unguwa.

Amma tun 2019 sunan wannan wuri ya zagaya duniya, bayan an gano ɓaraguzan jirgin ruwan da ya kawo kakanninsu daga Afirka ta Yamma. 'Yan jarida sun zo, masu fim sun zo, 'yan siyasa sun yi jawabi. Abin da mutanen unguwar ke tambaya kuwa bai canza ba: wannan suna da aka yi, zai gyara rufin tsohuwar da ruwa ke zuba mata a ɗaki?

Daga Wida zuwa Mobil

Amurka ta haramta shigo da bayi daga Afirka tun 1808. Bayan shekara 52, wani attajirin Mobil mai jiragen ruwa, Timothy Meaher, ya ɗauki nauyin karya wannan doka. Ana ba da labarin cewa caca ya yi da wasu a kan zai shigo da bayi ba tare da an kama shi ba. Ya tura kyaftin William Foster da jirgi mai suna Clotilda zuwa tashar Wida, a masarautar Dahome, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Benin. A lokacin Sarki Glele ke kan gado. Foster ya je da zinariya ta dala 9,000, ya taso da mutum 110, maza da mata, yawancinsu matasa da yara. Masana tarihi irin su Sylviane Diouf sun nuna cewa akasarinsu Yarabawa ne, akwai kuma Nufawa da Dandawa da 'yan ƙabilar Fon.

Bayan kusan mako shida a teku, jirgin ya iso gaɓar Alabama a watan Yulin 1860. Cikin dare aka kwashe mutanen, Foster ya ja jirgin cikin kogin Mobil ya banka masa wuta ya nutsar da shi don ɓatar da shaida. Babu wanda aka ɗaure a kan wannan laifi. Shi ne jirgin bayi na ƙarshe da aka san ya shiga Amurka.

Shekara biyar suka yi cikin bauta. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 suka samu 'yanci, abin da ya fara zuwa ransu shi ne komawa gida. Suka yi ta tara kuɗi, amma ladan dala ɗaya a yini ba ya biyan kuɗin jirgi. Sai suka wakilta ɗaya daga cikinsu, Kossola, wanda Amurkawa ke kira Cudjo Lewis, ya je ya nemi Meaher ya ba su fili a madadin aikin da suka yi masa kyauta. Meaher ya fatattake shi.

To, a nan ne tushen labarin yake. Ba su tsaya jiran tausayin kowa ba. Mazan suka shiga aikin injin katako, matan suka riƙa noman kayan lambu suna kaiwa kasuwa, suna ƙuntata wa cikinsu suna adashi. Su kimanin 32 suka sayi filaye, har da na hannun iyalan Meaher ɗin. Kossola ya biya dala 100 a 1872 ya mallaki kusan eka biyu. Suka naɗa Gumpa, ɗan gidan sarautar Dahome, shugaba, suka zaɓi masu yanke hukunci a tsakaninsu, suka ci gaba da magana da harsunansu. Da suka karɓi Kiristanci suka gina cocinsu, wanda yau ake kira Union Missionary Baptist. Suka buɗe maƙabarta a 1876, suka fara makarantar yara wadda daga baya ta zama Mobile County Training School. Kossola ya rayu har 1935. Marubuciya Zora Neale Hurston ta zauna da shi ta rubuta tarihinsa daga bakinsa, amma littafin, Barracoon, bai ga hasken rana ba sai 2018.

Yadda unguwa ta zube

Dattawan unguwar na tuna zamanin da take cike maƙil. A shekarun 1960 an ƙiyasta mazauna sun kai 12,000. Akwai shaguna, da wurin aski, da gidan waya, da gidan sinima. Kamfanonin takarda biyu, International Paper da Scott Paper, sun ba dubban mutane aiki. Sai dai aikin ya zo da kayansa. Mutane na ba da labarin toka da ke sauka kamar hazo, ta ɓata wankin da aka shanya, ta cinye fentin mota. Yara suna wasa a cikinta.

Daga nan sai abubuwa biyu suka karya ƙashin bayan unguwar. Na farko, an faɗaɗa babban titi domin sabuwar gadar da aka buɗe a 1991, aka bi ta kan layin shaguna da gidaje aka rushe. Na biyu, International Paper ya rufe masana'antarsa a shekarar 2000. Aiki ya tafi, matasa suka bi shi. Gurɓatar ƙasa da ruwa kuwa ba ta je ko'ina ba. A 2017 mutum sama da dubu suka maka kamfanin a kotu, suna zargin gubar da ya bari ce ke haddasa yawan cutar daji a tsakaninsu. Kamfanin ya musanta.

Wanda ke son ganin yadda masana'antu suka shaƙe wurin, ya je Lewis Quarters. Wani ɗan lungu ne da Charlie Lewis, ɗaya daga cikin mutanen Clotilda, ya saya a 1870. Har yau zuri'arsa na zaune a 'yan gidajen da suka rage, amma kamfanin katako ya zagaye su, hanyar shiga ma sai an ratsa ta gefen tulin katako.

Waɗanda suka ƙi tashi

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin farfaɗo da Africatown ba da gano jirgi ya fara ba. Ya fara ne da waɗanda suka ƙi tashi, da waɗanda suka tafi suka dawo.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Cleon Jones, tsohon tauraron wasan besbol wanda ya ci kofi da ƙungiyar New York Mets a 1969. Da ya so, da ya yi zamansa a duk inda ya ga dama. Sai ya dawo unguwar da ya tashi. Yau ya haura shekara 80, amma an san shi da hawa tarakta yana share kangaye, shi da matarsa da 'yan sa-kai suna yi wa tsofaffi fenti, suna canza musu rufi, suna gyara ƙofa da taga. Dabarar mai sauƙi ce: gidan da aka gyara ba a barinsa, gidan da ba a bari ba kuma ba ya faɗawa hannun 'yan kasuwar filaye.

Akwai kuma Joe Womack, tsohon manjo a rundunar sojan Amurka, ɗan unguwar, wanda ya tsaya kan batun iska da ruwa. A 2013, da aka taso da shirin ƙara gina tankunan mai daf da gidaje da makaranta, mazauna suka haɗa kai da masu kare muhalli suka kafa ƙungiya mai suna MEJAC. Suka riƙa cika zauren majalisar birni, suna karanta takardun izinin kamfanoni layi-layi, suna shigar da ƙorafi. Aiki ne mai cin rai, babu kyamara, babu tafi. Amma da birnin Mobil ya sabunta dokar tsara gari a 2022, an sa wa yankin Africatown ƙa'idoji na musamman, ko da yake masu fafutuka na ganin ba su wadatar ba.

Tsoffin ɗaliban makarantar unguwa su ma sun riƙe tasu igiyar, suna adana hotuna da kayan tarihi, suna tsaya wa makarantar. Akwai lambun al'umma inda ake noman ganye da kayan miya. An kuma ɓullo da shirin koya wa yara iyo da nutso, domin yaran da aka kawo kakanninsu ta ruwa su iya shiga ruwan da kansu su yi binciken tarihinsu. A 2012 gwamnatin tarayya ta sa unguwar cikin rajistar wuraren tarihi na ƙasa. Yawancin wannan kafin a ga ko ƙusa ɗaya ta Clotilda.

Jirgi ya fito

Shekara da shekaru wasu na cewa labarin jirgin tatsuniya ce. Zuri'ar kuwa sun riƙe shi a gida, kaka ta gaya wa jika. A 2018 wani ɗan jarida, Ben Raines, ya gano ɓaraguzai a cikin laka kusa da wani tsibiri a kogin Mobil. A watan Mayun 2019 hukumar tarihi ta jihar Alabama ta tabbatar cewa Clotilda ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ya kai shekara 159.

Abubuwa suka biyo baya da sauri. Joycelyn Davis, daga zuri'ar Charlie Lewis, ta fara shirya bikin tunawa da kakanni a kowane watan Fabrairu. Fim ɗin Descendant ya fito a Netflix a 2022. A shekarar ce wasu daga iyalan Meaher, bayan dogon shiru, suka fitar da sanarwa suna amincewa cewa abin da kakansu ya aikata mugunta ce. Ranar 8 ga Yulin 2023 aka buɗe gidan tarihi na Africatown Heritage House, inda aka ajiye gutsattsarin jirgin cikin ruwa a akwatunan gilashi. A 2024 masana suka ba da shawarar a bar sauran jirgin a inda yake, domin ciro shi na iya wargaza shi.

Wa zai ci moriyar?

Nan ne gizo ke saƙa. Baƙo zai zo cikin bas, ya zaga gidan tarihi, ya share hawaye, ya koma tsakiyar birni ya ci abinci ya kwana a otal. Kuɗinsa bai taɓa unguwar ba. An ware sama da dala miliyan 3 daga tarar da kamfanin BP ya biya kan malalar man 2010 domin gina cibiyar karɓar baƙi, amma aikin ya yi ta jan ƙafa shekaru. Shi ya sa mazauna ke nacewa cewa su za su riƙa zagayawa da baƙi, su za su sayar da abinci da kayan tsaraba, kuma da su za a zauna kafin a yanke kowace shawara.

Babbar barazanar ma ba ta da ƙara, ita ce ta takardun gida. A kudancin Amurka baƙar fata da yawa sun mutu ba su bar wasiyya a rubuce ba, saboda ba su da kuɗin lauya ko ba su yarda da kotunan wancan zamani ba. Sai gida ya zama na magada ashirin ko talatin, wasu a Chicago, wasu a Detroit, ba sunan kowa a takarda. Irin wannan gida banki ba ya ba da rance a kansa, tallafin gyara na gwamnati ma da wuya ya samu. In aka daina biyan haraji, hukuma ta yi gwanjonsa. In magaji ɗaya ya sayar da kasonsa ga baƙo, baƙon na iya neman kotu ta sa a sayar da gidan gaba ɗaya. Duk wanda ya tashi a zango ya san irin wannan ciwo: gidan kaka, magada rututu, takarda babu. To, yanzu da sunan Africatown ya ɗaukaka, filayen da a da ba mai kallonsu sun fara shiga idon masu kuɗi. A 2021 majalisar jihar ta kafa wata hukuma ta musamman domin sayen kangaye da gina sabbin gidaje a unguwar. Abin da za a zuba wa ido shi ne ko 'ya'yan unguwa za su iya sayen gidajen.

Kuma kada a ɗauka bakinsu ɗaya a kan komai. Akwai zuri'ar mutanen jirgin, waɗanda da yawansu ba sa zaune a unguwar. Akwai mazauna da kakanninsu suka zo daga baya neman aikin masana'anta, su ne kuma suka fi yawa. Wani na ganin tarihi ne kan gaba, wani na cewa a fara da kanti da asibiti. Ƙungiyoyi sun yi yawa, wani lokaci har suna takun-saƙa a kan tallafi. Haka al'amarin jama'a yake a ko'ina. Abin da ya haɗa su shi ne ba wanda ke son a wayi gari Africatown ta zama allon tarihi a gefen titi, mutanenta sun watse.

Kakanninsu sun nemi a mayar da su gida, ba su samu ba. Sun nemi a ba su fili, aka hana su. Sai suka saya, suka gina, suka binne matattunsu a ciki. Aikin da ya rage wa jikoki shi ne riƙe wannan ƙasa: a rubuta sunan magada a takarda, a biya haraji, a gyara rufi, a hana tankin mai matsowa kusa da aji. Yawan baƙin da suka sa hannu a littafin gidan tarihi ba zai nuna ko an yi nasara ba. Za a gane ne ranar da matashin da ya tafi Atlanta neman aiki ya ga zai iya dawowa da iyalinsa, ya sa yaransa a makarantar da kakanninsa suka kafa, ya kuma yi cefane ba tare da ya tsallaka gada ba.