Halartar Zuciya da Tsoron Naƙuda: Nazari daga Birnin Zazzau

A al'adar cikin Birnin Zazzau, kunya takan hana mai cikin fari bayyana fargabarta, har a wurin mahaifiyarta lokacin goyon ciki. Wannan shiru ba ya kawar da tsoro. Likitan Ingila Grantly Dick-Read ya bayyana tun 1933 cewa tsoro yana ɗaure jiki, ɗaurewar tana ƙara zafin naƙuda, zafin kuma ya sake haifar da tsoro.

Domin sassauta irin wannan damuwa, Jon Kabat-Zinn ya kafa tsarin horar da hankali a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, sannan ungozoma Nancy Bardacke ta daidaita shi ga masu juna biyu a 1998. Ginshiƙinsa shi ne tsayar da hankali kan numfashi da halin da ake ciki, a bar zullumin abin da bai zo ba. Asalinsa yana da alaƙa da addinin Buddha, don haka wajibi ne a rarrabe lura da numfashi, wanda al'ada ce halattacciya, da aƙidar da ya fito daga cikinta.

Musulma tana da tushenta. Imam al-Ghazali (ya rasu 505H) ya tattauna halartar zuciya da muraƙaba a Ihya'u Ulumid Din, kuma aya ta 28 ta Suratur Ra'ad ta danganta natsuwar zukata da ambaton Allah. Suratu Maryam, ayoyi 23 zuwa 26, ta nuna Nana Maryam cikin ƙuncin naƙuda har ta yi fatan mutuwa. Ba a zarge ta ba. An lallashe ta, aka umarce ta da girgiza dabino, da ci da sha. Ke nan tsoron haihuwa ba raunin imani ba ne, kuma natsuwa tana tafiya tare da riƙon sababi.

A aikace, mai ciki za ta zauna bayan salla na 'yan mintuna, ta sassauta numfashi, ta lazimci zikiri guda tana lura da ma'anarsa, ta mayar da hankali a duk lokacin da ya kuɓuce.

Sai dai wannan ba ya maye gurbin awo. Binciken Farfesa Kelsey Harrison kan haihuwa 22,774 a Zariya, wanda aka buga a 1985, ya nuna mace-mace sun fi yawa ainun cikin matan da ba su yi awo ba. Zubar jini, jijjiga ko doguwar naƙuda suna wajabta gaggawar zuwa asibiti, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Haƙƙi ne a kan miji ya sauƙaƙa wannan. Allah ne Mafi sani.